Yadda Ake Tantance Maƙalun da Aka Fi Ambato a Tiyatar Gyaran Ƙafa

Ɗalibin likitanci a Ummul Ƙura ko Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, da likita mai neman ƙwarewa a Riyad ko Madina, duk da wuya su kai ƙarshen karatu ba a nemi su kawo aikin bincike ba. Shi ya sa 'yan'uwanmu da yawa a nan Saudiyya ke karkata ga nazarin ambato: babu neman majiyyata, babu tonon fayil a asibiti, kwamfuta ce kawai da izinin shiga rumbun mujallu. Aikin kuwa shi ne a gano maƙalu 50 ko 100 da sauran marubuta suka fi sakawa cikin manazartarsu a wani fanni, sannan a duba su wa suka rubuta su, a ina, yaushe, a kan me, kuma da wane ƙarfin hujja. Eugene Garfield ne ya kawo tunanin yi wa kimiyya kundin ambato a mujallar Science a 1955, kundinsa na farko na kimiyya kuma ya fito a 1964.

Fannin gyaran ƙafa bayan mummunan rauni ya dace da mai aiki a ƙasar nan, inda haɗarin mota da gyambon ciwon suga ba baƙi ba ne a ɗakin tiyata. Sai dai fanni ne mai santsi ga mai ƙirga, domin yana zaune ne tsakanin likitocin ƙashi, likitocin gyaran jiki da na jijiyoyin jini. Yawancin ayyukan da ke lalacewa a mataki na farko suke lalacewa.

Shata iyaka kafin ka kunna kwamfuta

Ka zauna da mushrif ɗinka, wato malamin da ke duba aikinka, ku rubuta a shafi ɗaya abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba. Kada ka bar wannan sai ka ga sakamako, don a lokacin zuciya za ta riƙa zaɓar maka maƙalun da ka sani.

Cibiyar fannin a fili take: rufe raunin cinya, gwiwa, ƙwauri, idon sawu, diddige da tafin ƙafa ta hanyar dashen nama mai ɗauke da jijiyar jininsa, wanda maƙalun ke kira flap, cike giɓin ƙashi, kula da buɗaɗɗiyar karaya, da shawarar a ceci ƙafa ko a yanke. Rigimar tana bakin iyaka, kuma wurare huɗu ne.

Na farko, ƙafa a matsayin wurin ɗiba. Hidalgo ya bayyana a 1989 yadda ake ɗaukar ƙashin fibula, wato siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri, a gina muƙamuƙi. Daga ƙafa aka ɗebo, amma fuska aka gyara, don haka a ganinmu ba ta shiga. Maƙalar Taylor, Miller da Ham ta 1975 kuwa fibular aka kai ƙwauri, ita tana ciki. Naman gefen cinya da Song ya bayyana a 1984, da rahoton Wei na 2002 daga asibitin Chang Gung na Taiwan mai dashe 672, sun fi wahalar yanke hukunci, saboda akasarin dashen na Wei kai da wuya aka kai. Ka sa ƙa'ida ta lamba, misali sai rabin majiyyatan ko fiye ƙafa aka yi wa aiki, ka kuma riƙe ta har ƙarshe ko da za ta fitar da maƙalar da kake so.

Na biyu, maƙalun tushe da suka shafi jiki duka: rabe-raben jinin tsoka na Mathes da Nahai a 1981, taswirar yankunan jijiyoyin jini ta Taylor da Palmer a 1987, da na'urar zuƙar rauni ta Argenta da Morykwas a 1997. Babu mai gyaran ƙafa da ba ya dogara da su, amma idan ka shigar da su za su mamaye saman jerin da ambaton da ya fito daga masu tiyatar nono da kai da ciki. Mafita mai kyau ita ce a cire su daga ɗarin, a ba su ɗan jadawali na daban.

Na uku, gwajin dabbobi. Mutane kan rubuta "ban da nazarin dabbobi" ba tare da tunani ba, alhali maƙalu biyu na Ilizarov na 1989 a kan jan ƙashi ya tsiro a hankali a ƙwaurin karnuka aka yi su. Ka cire dabbobi, ka cire Ilizarov. Ko dai ka yarda da hakan ka faɗa a fili, ko ka buɗe ƙofa.

Na huɗu, kalmar ceton ƙafa ita kanta. Masu jijiyoyin jini na amfani da ita ga toshewar jini, masu ciwon dajin ƙashi na amfani da ita ga sa ƙarfe a madadin ƙashi. Idan ba dashen nama ko ƙashi a ciki, ka bar musu kayansu. Haka ma gyambon suga: rabe-raben Wagner na 1981 ya shafi ƙafa, amma kai ne za ka yanke ko gyara ne ko kula da rauni.

Zaɓen rumbu

Web of Science na kamfanin Clarivate shi ne aka saba amfani da shi, Scopus na Elsevier na biye. Jami'o'in gwamnati na shiga rumbunan ne ta Laburaren Dijital na Saudiyya da asusun jami'a. Wanda ke aiki a asibitin kuɗi ya haɗa kai da abokin aiki mai wannan asusu, ya kuma sa sunansa cikin marubuta idan ya yi aikin da ya cancanta. PubMed ba ya jera maƙalu bisa yawan ambato. Google Scholar yana ƙirga har kundin digiri da takardun taro, lambobinsa sun fi kumbura, kuma da wuya wani ya maimaita nemanka ya sami abin da ka samu.

Rumbu ɗaya za ka ɗauka a matsayin ma'auni. Kada ka haɗa lambar Scopus da ta Web of Science a jeri guda. Abu biyu ka duba a Web of Science kafin ka fara: shekarar da rajistar jami'arku ta faro, domin ba kowace jami'a ce ta sayi tsofaffin shekaru ba, kuma in taku ta fara daga 1990 to rabin tarihin fannin ba ya gabanka, sai kuma wace lamba kake karantawa, ta Core Collection, wato ainihin kundinsa, ko ta dukkan rumbunan da ke ƙarƙashinsa, don sun bambanta.

Gina jimlar nema

Da Turanci ake nema, kuma a layi biyu, sannan a haɗa. Layi na farko na wurin jiki ne, a akwatin Topic:

"lower limb*" OR "lower extremit*" OR leg OR tibia* OR ankle OR heel OR foot OR knee OR thigh

Layi na biyu na aikin da aka yi:

flap OR flaps OR microsurg* OR "free tissue transfer" OR "soft tissue coverage" OR "soft tissue defect*" OR "limb salvage" OR "open fracture*" OR "bone defect*" OR "bone transport" OR orthoplastic

Sai ka je tarihin nema ka haɗa su da #1 AND #2. Tauraron da ke ƙarshen kalma yana kamo duk abin da ya biyo baya, kuma nan ne ɓarna ke shigowa. In ka sa wa flap tauraro, za ka ga nazarin fiffiken ƙwari da na mutum-mutumi sun cika maka shafi. Kalmar calf, wadda ke nufin sha-raɓa, tana kuma nufin maraƙi, kuma dubban gwaje-gwajen ɗakin bincike na ambaton ruwan jinin maraƙi; shi ya sa ba ta cikin layin farko. Mafi muni ita ce reconstruction tsirara. Ka haɗa ta da gwiwa, sai maƙalun gyaran igiyar gwiwar 'yan ƙwallo su kwararo, masu ambato ɗaruruwa, su danne duk abin da kake nema. In dole sai ka sa ta, ka ɗaure ta da kalmar da ke kusa, kamar "soft tissue" NEAR/3 reconstruct* a Web of Science, ko W/3 a Scopus.

Ka yi hankali da NOT. Cire duk abin da ya ambaci muƙamuƙi zai tafi da maƙalar da ta kwatanta dashen ƙafa da na fuska. Gara shara ta shigo ka tsince da hannu.

Kada ka tace da harshe tun farko. Maƙalar Masquelet ta 2000 a kan fatar da jiki ke yi wa simintin ƙashi, wadda ake cika ta da dashen ƙashi daga baya, da Faransanci ta fito.

Tarkon shekarar 1991

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma mai duba maƙala da ya san fannin zai gano shi cikin minti ɗaya. Kundin kimiyya na Web of Science bai fara ɗaukar tsakure (abstract) da fitilun kalmomi (keywords) ba sai daga 1991. Duk maƙalar da ta girmi wannan shekara, takenta kaɗai nemanka ke gani. To taken maƙalar Marko Godina ta 1986 extremities ya ce, bai ce lower ba. Taken Gustilo da Anderson na 1976 dogayen ƙasusuwa ya ambata, babu ƙwauri ko ƙafa a ciki. Layin farko na nemanka ba zai kama ko ɗaya ba, sai ka fito da jerin "mafi tasiri" babu iyayen gidan.

Maganinsa aiki ne na hannu. Kafin nema, ka rubuta maƙalu 15 zuwa 20 da kowane babban likita zai rantse suna ciki, ka gwada ko jimlarka ta kamo su. Ga waɗanda bai kamata su ɓace ba: Daniel da Taylor 1973, dashen nama daga makwankwaso zuwa ƙafa da haɗa ƙananan jijiyoyi, Gustilo, Mendoza da Williams 1984, wadda ta raba buɗaɗɗiyar karaya mataki na uku zuwa A, B da C, Pontén 1981, Byrd 1985, Johansen 1990, ma'aunin tsananin ragargajewar gaɓa, Masquelet, Romana da Wolf 1992, tushen dashen bayan ƙwauri da ake juyowa ƙasa a rufe diddige, Gopal 2000, ɗaure ƙashi da rufe rauni a lokaci guda, da Bosse 2002. Duk wadda ba ta fito ba, ka tambayi kanka wace kalma ce ta rasa.

Bayan haka ka sake gudanar da layi na biyu shi kaɗai, a akwatin take, ka taƙaita shi ga shekarun kafin 1991, ka jera bisa ambato ka karanta na sama 300. Sannan ka buɗe manazartar sharhin bita biyar ko shida na kwanan nan ka ga ko akwai tsohuwar maƙala da ke ta dawowa ba ta cikin jerinka. Akwatin Cited References yana nuna ambaton da aka yi da kuskuren shafi ko shekara, waɗanda rumbun bai lissafa wa maƙalar ba; tsofaffin maƙalu sun fi fama da wannan.

Saukewa da tacewa

Lambobin ambato na sauyawa kusan kullum, don haka a rana ɗaya za ka yi neman ƙarshe ka sauke komai. Ka ware Asabar guda, ka rubuta kwanan watan da miladiyya, tun da shi mujallu ke nema. Ka jera daga mafi ambato, ka sauke na sama 1,000 zuwa 1,500 da cikakken bayani har da manazarta. Web of Science 500 yake bayarwa a zubi ɗaya idan da manazarta, saboda haka fayil biyu ko uku za ka samu. Ka sauke sau biyu, ɗaya na Excel, ɗaya rubutu zalla domin manhajar taswira. Ka ajiye asalin fayilolin kada ka taɓa su, a kwafi za ka yi aiki.

Mutum biyu ne za su tace, kowa shi kaɗai, ba tare da ganin na ɗan'uwansa ba. Kowa ya bi daga sama yana sa "e", "a'a" ko "sai an karanta". Bayan 100 na farko ku tsaya ku lissafa ma'aunin kappa na Cohen, wanda ke nuna yadda hukuncinku ya zo ɗaya. In ya haura 0.8 ku ci gaba. In ya gaza 0.6, ƙa'idojin ne ba su fito fili ba, ku koma ku gyara su kafin ku ɓata mako guda. Inda kuka saɓa, mushrif ya raba gardama. Ku rubuta dalilin fitar da kowace maƙala, domin za a buƙaci zanen da ke nuna nawa aka samu, nawa aka cire, da me ya sa.

Da kun cika 100, lambar ta ƙarshe ita ce shingenku. Duk maƙalar da neman hannu ya kawo wadda ta haura shingen, ta shiga ta ture ta ƙasa. Idan biyu suka yi kunnen doki a bakin shinge, wadda ta fi sabunta ta wuce, muddin kun rubuta wannan ƙa'ida tun farko. Ku duba kuma ko akwai wadda mujalla ta janye.

Cike jadawali

Kowace maƙala layi ɗaya: take, shekara, mujalla, marubucin farko da na ƙarshe, cibiya, ƙasa, yawan ambato, irin nazari, yawan majiyyata, wurin rauni, sanadi, irin dashe, da matakin hujja. Na ƙarshen nan sai an karanta maƙalar gaba ɗaya. Tsakure kan kira tarin rahoton majiyyata da suna mai girma. Ka zaɓi sikeli ɗaya, na Oxford na 2011 ko na ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka, ka faɗi wanda ka ɗauka. Nazarin gawa da na dabbobi ba su da mataki, ka ba su rukuninsu.

Sunaye na buƙatar wanki. British Journal of Plastic Surgery ta zama JPRAS a 2006, Journal of Trauma ta sauya sunanta a 2012, reshen Birtaniya na Journal of Bone and Joint Surgery (JBJS) ya koma The Bone & Joint Journal a 2013. In ba ka haɗa tsohon suna da sabo ba, mujalla ɗaya za ta rabu biyu ta faɗo ƙasa a jeri. Kada kuma ka cakuɗa JBJS ta Amurka da ta Birtaniya, mujallu biyu ne. Rumbun yana ƙirga Ingila da Sikotilan daban. Godina a Ljubljana ya yi aiki lokacin tana Yugoslabiya, yau Sulobeniya ce; Kurgan ta Ilizarov a Tarayyar Sobiyet take, yau Rasha. Ka zaɓi ko sunan da ko na yanzu. Sunayen Larabawa kuwa kowa a nan ya san halinsu: Al-Harbi, Alharbi da Al Harbi na iya zama mutum ɗaya, na iya zama uku. Haka sunayen Sin da Taiwan, inda Chen ko Lin da harafi ɗaya ke ɓoye mutane da dama. Cibiya da shekara ne ke warware su.

Ƙasar maƙala ta marubucin da ake tuntuɓa za ka ɗauka, ko ta na farko, ɗaya dai.

Lissafi

Ambato ba ya rabuwa daidai: 'yan kaɗan a sama suna kwashe kaso mai yawa, sauran na jan wutsiya. Don haka ka ba da adadin tsakiya (median) da tazarar rubu'i (interquartile range), kada ka tsaya ga matsakaici (mean). Wajen alaƙa, kamar tsakanin shekara da ambato, gwajin Spearman ne ya dace. Kwatanta rukuni biyu gwajin Mann-Whitney, fiye da biyu gwajin Kruskal-Wallis.

Lallai ka ƙara yawan ambato a kowace shekara. A ce wata maƙala ta shekara 40 da ambato 800, wato 20 a shekara. Wata kuma shekararta 6 da ambato 240, wato 40 a shekara. A jerin farko tsohuwar ce gaba da nisa, a na biyu sabuwar ta ninka ta. Ka kawo jerin biyu gefe da gefe. Ka faɗi yadda ka ƙirga shekarun, ko ka haɗa da shekarar fitowa ko a'a, don ga sabuwar maƙala shekara ɗaya na sauya lamba sosai.

Ambaton kai yana da ɗan tarko. Lambar da rahoton Web of Science ke bayarwa "ban da ambaton kai" tana cire ambaton da maƙalun jerinka suka yi wa junansu ne, ba wanda marubuci ya yi wa kansa ba. Scopus ne ke da maɓallin cire na marubuta.

Wani abu da ake yawan yi ba shi da amfani: gwada ma'aunin tasirin mujalla (impact factor) na bana da ambaton maƙalar 1981. In mushrif ya nace, ka yi, amma kada ka gina magana a kai.

Taswira

Manhajar zana taswira VOSviewer ta Jami'ar Leiden kyauta ce, Bibliometrix kuma yana gudana a kan manhajar lissafi ta R, yana da fuskar biblioshiny ga wanda ba ya rubuta umarni. Da maƙalu 100 kacal, ka sa mafi ƙarancin maimaituwar kalma 2 ko 3, in ba haka ba taswirar ta zama fayau. Ka yi fayil ɗin haɗe kalmomi mai gurbi biyu, label da replace by, domin free flap da free flaps su zama abu ɗaya. Ka tuna maƙalun kafin 1991 ba su da fitilun kalmomi, saboda haka taswirar kalmomi ta rabin baya ce kawai, kuma dole ka faɗi haka a ƙarƙashin hoton. Taswira biyu sun isa.

Karanta abin da lambobin ke faɗi

Yawan ambato shaida ce cewa an yi ta komawa ga maƙala. Ko abin da ta faɗa ya tsaya har yau, wannan sai ka karanta. Godina ya ba da rahoton majiyyata 532: waɗanda aka rufe rauninsu cikin awa 72, dashe ya mutu a kashi 0.75 cikin ɗari, rauni ya kamu da ƙwayoyin cuta a kashi 1.5, waɗanda aka yi wa tsakanin awa 72 da wata uku, kashi 12 da kashi 17.5. Daga nan dokar awa 72 ta samo asali. Amma waiwaye ne a kan aikin cibiya ɗaya, ba a raba majiyyatan da ƙuri'a ba, kuma an yi shi kafin na'urar zuƙar rauni ta zo. Masu goyon bayansa na ambatonsa, masu ja da shi ma na ambatonsa, rumbun kuwa ɗaya yake ƙirga su. Ita kanta na'urar zuƙar, gwajin ƙuri'a na Birtaniya da ya fito a JAMA a 2018 bai nuna ta fi bandeji na yau da kullum ba wajen naƙasa bayan shekara guda a buɗaɗɗiyar karayar ƙafa. Ma'aunin Johansen na 1990 ya yi suna ƙwarai, sai binciken LEAP na cibiyoyi takwas a Amurka ya nuna irin waɗannan ma'aunai ba abin dogaro ba ne wajen yanke shawarar guntule ƙafa. Rahoton LEAP na 2002, wato maƙalar Bosse, mai majiyyata 569, ya sami sakamakon gyara da na yankewa kusan ɗaya bayan shekara biyu. Irin wannan bin diddigi shi ne naman sashen tattaunawa, ya fi sake karanto jadawali da baki.

Akwai kuma maƙalar da ta yi tasiri har aka daina ambatonta, abin da Robert Merton ya lura da shi: kowa na rubuta "Gustilo IIIB" ba tare da manazarta ba, kamar yadda ba a tambayar wanda ya fara haƙa rijiyar gari. Ka sa wannan cikin gazawar aikin, tare da fifikon Turanci, dogaro da rumbu ɗaya, da cutar da sababbin maƙalu.

Ka ƙirga nawa ne cikin ɗarin suka fito daga ƙasashen Larabawa ko Afirka, nawa suka shafi ƙafar mai suga idan aka kwatanta da rauni. Duk abin da lambar ta nuna, shi ne gurbin da mai karatu a Jidda ko Kano zai fi so ya gani, kuma daga nan ake samo batun bincike na gaba.

Kafin turawa, ka nemi takardar kwamitin ɗa'ar bincike mai nuna aikin bai shafi majiyyata ba, domin wasu mujallu na tambaya. Ka bi jerin dubawa na BIBLIO na 2023, ka kwafe jimlar nema harafi da harafi cikin rataye, tare da ranar nema da cikakken jerin ɗarin. Idan maƙalar ta yi fiye da shekara ba ta fito ba, mai dubawa zai iya cewa a sabunta. A nan sai ka sake gudanar da jimlar nan a rana ɗaya, ka sauya dukkan lambobin tare, ka tace sababbin da suka haura shinge kaɗai.